Gani Ya Kori Ji

Kaset ɗin ya girmi duk 'ya'yan gidan. An ɗauke shi a damina ta 1983, a zauren wani gidan ƙasa da ke ƙauye a yammacin Kano, da rediyo mai cin batir, kuma abin da ke cikinsa bai kai minti arba'in ba: wani tsoho ne yake lissafa kakanninsa, yana faɗin inda kowannensu ya yi ƙaura da abin da ya tashe shi, yana tsayawa jefi-jefi ya yi tari. Bayan shekara biyu tsohon ya rasu. Ɗansa, wanda ya danna maɓallin ɗauka a ranar yana saurayi, yanzu ya haura sittin, ya ajiye aikin akanta, kuma ya tara a falonsa kayan sauti da ya daɗe yana marmari: amfilifaya mai nauyi, manyan sifiku biyu, na'urar faifai da ta kaset. A kansu yake sauraron Shata da kuntigin Ɗanmaraya bayan isha'i. Sau ɗaya ko biyu a wata, idan gida ya yi tsit, sai ya sa muryar mahaifinsa.

Abin da ya hana shi sakat wani gurnani ne. Ba mai ƙarfi ba ne. Baƙo zai iya shan shayi ya tafi bai lura ba. Amma yana nan a ƙarƙashin komai, kamar ƙudan zuma a cikin tulu, kuma ya fi fitowa a kaset ɗin tsohon, domin murya ce ƙasa-ƙasa wadda sai an ƙara sauti ake jinta, kuma da an ƙara sai gurnanin ya taso tare da ita. Ya canza wayoyin haɗi, ya kai na'urar kaset an wanke mata kai, duk a banza. Daga nan ne karance-karancensa suka kai shi ga wata duniya da bai san da ita ba.

A Japan da Amurka da Turai akwai mutanen da son tsabtar sauti ya zame musu sana'a ta biyu. Bayan sun gama da sifika da amfilifaya, sai hankalinsu ya koma kan wutar da ke ciyar da su. Kamfanoni irin su Furutech da Oyaide na Japan suna ƙera musu soket na bango da aka shafe haƙoransa da zinare ko da wani ƙarfe mai tsada da ake kira rodiyam. Wasu a Amurka suna sa irin soket ɗin da aka yi domin asibitoci, mai ɗigon kore a fuskarsa. A 2016 jaridar Wall Street Journal ta ba da labarin wani tsohon lauya a Tokyo da ya kashe kimanin dala 10,000 aka kafa masa turken wuta nasa shi kaɗai, da taransifomarsa, don kada wutar da maƙwabta ke ja ta gurɓata masa kiɗa. Akantan ya karanta wannan ya yi dariya. Bayan mako biyu kuma ya tura wa wani ƙanensa da ke Ingila kuɗin da suka haura fam ɗari, ya ce a sayo masa soket guda.

Bai kamata a yi masa dariya da sauri ba. Hujjar da ta ja shi tana da fuskar gaskiya: duk abin da sifika ke fitarwa wutar bango ce aka sarrafa, saboda haka idan ƙofar da wutar ke shigowa ta gyaru, ai abin da ke fita ma zai gyaru. Mutum ne da ya shafe shekara talatin yana bin kuɗi daga inda suka fito, ya kuma saba ganin cewa ɓarna daga tushe take farawa. Ya ma yi wayon da wasu ba sa yi, domin bai sayo na Amurka ba. Wutarsu bolt 120 ce, soket ɗinsu an yi shi ne don bolt 125, ta Najeriya kuwa 230 ce. Ya nemi mai baki uku irin wanda Ingila ta fito da shi a 1947 aka kuma gada a nan.

Wani yaro daga bakin titi ya zo ya ɗaura shi cikin minti goma. A daren Alhaji ya zauna a kujerarsa ya sa Shata, sai ya ji kamar an yaye labule. Kalangu ya ƙara kauri, 'yan amshi sun ja da baya sun ba wa murya wuri, har ya kira Hajiya ta zo ta ji. Ta saurara ta ce, "To, Alhaji, in dai kai ka ji, ai shi ke nan." Mako uku ya yi cikin wannan daɗi.

'Yarsa ta ƙarshe, wadda ke karatun injiniya, ta dawo hutu. Ya zaunar da ita ya sa mata kaset ɗin kakanta. Ba ta bari an yi minti ɗaya ba.

"Abba, ai ƙarar tana nan."

"Ta ragu," in ji shi.

"Wace shekara aka kai wuta ƙauyenmu?"

Ya yi shiru yana lissafi. Sai da aka yi shekaru da rasuwar tsohon kafin a kafa turke na farko a garin. Ta ce to ashe gurnanin ba a cikin kaset yake ba, tunda da batir aka ɗauka a gidan da ba waya ko ɗaya. A falon nan ake haifarsa, kuma sabon soket bai taɓa shi ba. Sannan ta nemi ya yarda su yi gwaji. A bangon akwai wani tsohon soket, taku biyu daga sabon. Za ta sa shi ya juya baya, ta jefa kwabo, ta soka filogi inda kwabon ya nuna, ta sa waƙa ɗaya ba tare da taɓa maɓallin sauti ba, shi kuma ya faɗi wanne ne. Sau goma suka yi. Ya dace sau shida, ya ce shida ai ta fi rabi. Ta ɗauko takarda ta nuna masa cewa wanda ya toshe kunnensa yana cankar kawai zai sami shida ko fiye kusan sau 38 cikin ɗari. Lissafi ne, kuma lissafi ba abin da zai yi gardama da shi ba ne. Bai ce komai ba har aka kira sallah.

Ba ƙarya ya yi ba da ya ce ya ji bambanci. Kunne ba mita ba ne. Abin da mutum ya ji haɗin gambiza ne na abin da ya shiga kunnen da abin da zuciya ta riga ta shirya karɓa, kuma ainihin kamannin sauti ba ya daɗewa a ƙwaƙwalwa fiye da 'yan daƙiƙu. Wanda ya kwatanta sautin yau da na jiya, tunaninsa na jiya yake kwatantawa. Ga shi kuma wanda ya sayi sabon abu yakan saurara da natsuwar da bai yi ba tun watanni, ya ji abubuwan da dama suna nan. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive, masu bincike a kamfanin Harman, sun sa mutane sun auna sifiku iri ɗaya sau biyu, sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya a bayan labule. Makin da suka bayar ya sauya, kuma ƙwararrun masu sauraro ba su tsira daga wannan ba. Sifiku ne fa, waɗanda bambancinsu na gaske ne ana iya auna shi, balle soket. Hausawa kan ce gani ya kori ji, suna nufin shaidar ido ta fi labari. A falon Alhaji maganar ta tabbata ta wata fuska: ya ga kwalin, ya ga farashin, sai ganin ya kori jin.

Dalilin da ya sa soket mai lafiya ba ya iya ƙara wa sauti komai yana cikin tafiyar da wutar ke yi. Wani kaso na wutar Kano daga madatsar Shiroro yake tasowa, ya bi layin bolt 330,000 ta Mando a Kaduna zuwa Kumbotso, a yi ta sauke ƙarfinsa daga taransifoma zuwa taransifoma, ya bi wayoyin alminiyam na kan turaku, ya ratsa mita da fis da wayar cikin bango. Bayan ɗaruruwan kilomita, haƙoran soket ba su kai tsawon gaɓar yatsa ba. Masu sayarwa kan amsa cewa wannan gaɓar ita ce ta farko daga wajen amfilifaya, ba ta ƙarshe ba. Magana ce mai daɗin ji, amma wuta ba ta san farko da ƙarshe ba. Zagaye take yi, kuma kowace tirjiya a hanya haɗuwa take da 'yar'uwarta.

Mafi muhimmanci, amfilifaya ba ta shan wutar bango kai tsaye. Wutar bango kai-komo take yi, sau 50 a daƙiƙa, abin da ke sarrafa sauti kuwa wuta miƙaƙƙiya yake so irin ta batir. Saboda haka a cikin akwatin akwai taransifoma mai rage ƙarfi, da abin da ke miƙar da wutar, da manyan kafasita masu tara ta. Kamar gidan da ke da tanki a sama ne: famfon titi na iya zuwa da tsiri-tsiri ko da ƙarfi, mai wanka dai daga tanki yake samu. Ana cika wannan tankin sau 100 a kowace daƙiƙa. Wanda ya sa wa bututun da ke bakin ƙofa zoben zinare bai canza ɗanɗanon ruwan da ke cikin tanki ba.

Lambobin ma ba su da wuya. A sauraro na cikin falo, amfilifaya ba kasafai take cin wat 100 ba, wato ƙasa da rabin amfiya. Tirjiyar haƙoran soket mai kyau ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na om guda. Abin da ke ɓacewa a wurin bai fi kashi biyar cikin dubu na bolt ɗaya ba. Gaskiya ne amfilifaya a fizge take jan wuta, ba a shimfiɗe ba. To a ninka sau goma, har yanzu bai kai rabin kashi ɗaya cikin goma na bolt ba, a garin da wuta kan sauka da bolt ashirin ko talatin da magariba in kowa ya kunna kayansa. Shi kuma shafen da ake biyan kuɗi dominsa bai fi jan ƙarfe iya ɗaukar wuta ba. Azurfa ce kawai ta ɗara jan ƙarfe. Zinare yana wajen kashi 70 cikin ɗari na ƙarfinsa, rodiyam bai kai kashi 40 ba. Amfaninsu shi ne ba sa tsatsa, ba sa dushewa. Haka soket ɗin asibiti: an yi shi ne ya riƙe filogi gam, ya jure fizga da bugu, kada na'urar da ran mara lafiya ya rataya a kanta ta zare. Ba wanda ya gwada shi da kiɗa kafin ya sa masa ɗigon kore.

Duk da haka akwai ƙwayar gaskiya a maganar masu soket, kuma ita ce ta fi komai nauyi a wannan labari. Soket mai lafiya ba ya ƙara komai, amma mara lafiya yana ragewa, wani lokaci har ya ci gida. Mutane da yawa da suka rantse sun ji canji bayan sun sa mai tsada, tsohon nasu ne ya riga ya saki, kuma da sun sa sabo na kasuwa mai inganci, aka ɗaure shi da kyau, da sun ji canjin nan.

Yarinyar ce ta lura da abu na biyu. Ta ɗora bayan hannunta a jikin amfilifaya ba takalmi a ƙafarta, ta ji yana ɗan ja. Ta ce wannan ya fi ƙarfin karatunta, a kira wanda ya san bango. Aka kira wani dattijo mai wayarin da ya yi wa masallacin unguwa aiki. Ya zo da jakarsa, ya kwance sabon soket ɗin, ya juya shi a hannu yana yaba nauyinsa.

"Alhaji, wannan kaya ne. Sai dai an bar jaki ana dukan taiki."

Ya jawo koriyar waya daga cikin ramin, sai ta biyo hannunsa gaba ɗaya. Ba ta fi taƙi ɗaya ba. Wanda ya yi wa gidan wayarin shekaru ashirin da suka wuce ya soka guntaye ne a bayan kowane soket don mai dubawa ya ga kore, ba a haɗa su da komai ba. Bakin nan na uku, dogon da ke sama, wanda aka yi don ya kai wutar da ta kauce hanya zuwa ƙasa, ado ne kawai a duk gidan.

Nan asalin gurnanin yake. Talabijin da dikoda da yawancin kayan zamani suna da 'yan ƙananan kafasita masu tace hayaniya, waɗanda kan zubar da wata 'yar wuta kaɗan a jikin ƙarfen na'urar. In akwai wayar ƙasa, wadda masu sana'ar ke kira atin, nan take bi ta tafi ba wanda ya sani. In babu, sai ta nemi wata hanya, kuma hanyar da ta samu a falon Alhaji ita ce wayar da ta haɗa talabijin da amfilifaya. Amfilifaya ba ta bambance baƙo da ɗan gida. Duk abin da ya shigo ta ƙofar sauti ƙara shi take yi. Kai-komon nan na sau 50 da 'ya'yansa na sau 100 da 150 su ne ƙudan zuman da ke cikin tulu. Dattijon ya zare wayar talabijin, gurnanin ya faɗi nan take, saura kaɗan.

Bai tsaya nan ba. Ya ce a janye masa kantar littattafai, yana so ya ga soket ɗin da ke bayanta, domin ta nan layin ya ratsa kafin ya wuce ɗakin girki. Fuskar soket ɗin fes take. Bayansa kuwa ya yi baƙi, robar jar waya ta ƙone ta farfashe, dunƙulen da ke riƙe ta yana juyawa da yatsa. Ta wannan sako-sakon mahaɗi firji da tukunyar dafa ruwa da dutsen guga suke jan wutarsu. Idan tirjiyar wuri irin wannan ta kai rabin om, aka ja amfiya goma, zafin wat 50 ne ke taruwa a wurin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya fi na ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi. Tsakaninsa da takardun shekara talatin katako ne mai kaurin yatsa. A kanta ta ƙasa kuma, cikin wani gwangwanin biskit, nan kaset ɗin yake kwana.

"Malam, tun yaushe yake haka?"

"Ranka ya daɗe, wannan ya kwana biyu. Allah ne Ya tsare."

Dattijon ya ƙara da cewa rabin soket ɗin gidan bakinsu ya buɗe, saboda al'adar nan ta tura murfin biro a ramin sama a danna filogi mai ƙafa biyu zagayayyu, irin na Faransa da Nijar, cikin ramin da aka yi don mai kusurwa. Kowace dannawa tana ƙara ware haƙoran, har ya zama filogi na gaske ma lilo yake yi a ciki.

Aikin ya ci kwana huɗu. Aka ja sabuwar waya ta jan ƙarfe mai kaurin 2.5, uku-uku, aka ware wa kayan sauti layinsu daga akwatin fis, aka haɗa su duka a wuri guda. Aka haƙa rami a bayan gida inda ruwan alwala ke gangarawa, aka kafa sandar atin. Dattijon ya zuba gawayi kamar yadda aka saba, amma ya rage hannu a gishiri. Ya ce gishiri yana sa ƙasa ta karɓi wuta da kyau a farko, daga baya kuma shi ke cinye sandar. Ya zaɓi wurin danshi ne domin ƙasar Kano kan bushe ƙayau da hunturu, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta sosai. Aka sa na'urar da ke katse layi da zarar wuta ta fara zurarewa ta jikin mutum ko ta jikin ƙarfe. Da ya ga inbatar gidan sai ya girgiza kai: irin mai arha ce, wadda wutarta ke tafiya da tsalle-tsalle maimakon lanƙwasa mai santsi, shi ya sa taransifomar amfilifaya ke kuka duk lokacin da aka ɗauke wuta. Wannan Alhaji ya ce sai wata mai zuwa. Da ya zauna ya haɗa kuɗin waya da sanda da ladan aiki, ya tarar sun haura kuɗin soket ɗin Ingila, amma ba da nisan da ya zata ba. Ya rubuta duka biyun a littafinsa, layi ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, bai sa musu bayani ba.

Soket mai rodiyam bai koma falo ba. Dattijon ya ba da shawara a kai shi inda riƙonsa zai yi amfani, aka ɗaura shi a ɗakin girki, tukunyar dafa ruwan Hajiya ta gaje shi. A falo aka sa na kasuwa, mai nauyi, mai haƙoran tagulla.

Daren da aka gama, Alhaji ya kunna amfilifaya ba tare da ya sa komai ba, ya murɗa sauti har rabi, ya kai kunnensa jikin sifika. Wani siririn huci ne kawai, kamar iska a ƙofar tagar da ba ta rufu sosai ba. Ya buɗe gwangwanin biskit.

Muryar tsohon ba ta canza ba. Kaset ne na 1983, da shashshekarsa da rawar zarensa, kuma kunnen ɗan sittin ba ya kama siraran sautukan da na ɗan ashirin ke kamawa. Ba wayar da za ta dawo da wannan. Tsohon ya kai kan kakansa na uku, wanda fari ya kora daga arewa, ya tsaya ya yi tari. A cikin wannan tsayawar ne wani abu ya fito daga can ƙasa, daidai inda gurnanin ya saba zama: dum, dum, dum, a hankali, da ɗan jinkiri bayan kowane bugu na uku. Alhaji ya mayar da kaset baya ya sake saurara. Ya kira 'yarsa, bai gaya mata abin da za ta nema ba, domin ya koyi wannan darasin.

Ta saurara, ta karkata kai. "Abba, kamar daka ake yi a cikin gida."

A gidan nan na ƙauye mace ɗaya ce take daka da hantsi, kuma ita kaɗai ce ke hutar da taɓarya bayan bugu uku saboda ciwon kafaɗa. Ba a taɓa ɗaukar muryarta ba, ba ta kuma yarda an ɗauke ta hoto ba sai na fasfon aikin Hajji. Ya ce wa yarinyar ta nemo yadda za a kwafe kaset ɗin a kwamfuta tun zaren bai tsinke ba. Ta ce gobe. Ya ce a'a, ta ɗauko kwamfutar yanzu.